Yadda Za Ka Duba Zanen Tayar Motarka a Gida da Tsinken Ashana da Katin Banki

A watan Yunin bara na taso daga Agege da sassafe zan kai maiɗakina da yara wajen ƙanwarta a Obalende. Ruwa ya kwana yana zuba, gari ya waye da yayyafi. Mun hau gadar Third Mainland, gudun da nake yi bai wuce tamanin ba, sai na shiga wani wuri da ruwa ya kwanta. Nan take sitiyari ya yi sakayau a hannuna kamar ba a haɗe yake da komai ba, mota ta fara jan gefe tana nufar ƙarfen gada. Abin bai fi daƙiƙa uku ba. Na ɗage ƙafa daga totur, ban taɓa birki ba, Allah ya sa tayoyin suka sake kama kwalta. Har muka sauka a Adeniji babu wanda ya ce uffan, sai salatin da maiɗakina take yi ƙasa-ƙasa.

Da yamma na kai motar wajen wani dattijo mai faci a unguwarmu, mutumin Katsina da ya daɗe a Legas. Na ce, "Baba, duba mini tayoyin nan, ni dai a idona lafiyarsu lau." Ya sa na murɗe sitiyari har ƙarshe, ya durƙusa, ya kama hannuna ya kai shi can gefen ciki na tayar gaba. Sumul, kamar bayan faranti. A wani wurin ma waya ta fara leƙowa, har ta soke ni a yatsa. Ya ce, "Malam, kai kullum fuskarta kake kallo. Nan ciki fa, yaushe rabonka da ka taɓa?"

Ban taɓa taɓawa ba. Tun daga ranar nake duba tayoyina da kaina duk wata, a ƙofar gida, cikin kamar minti goma sha biyar.

Abin da zanen yake yi

Ramukan nan da layukan da ke jikin taya, waɗanda wasu ke kira zane wasu kuma haƙora, magudanan ruwa ne. Idan taya na juyawa a kan jiƙaƙƙen titi, dole ruwan da ke gabanta ya sami hanyar fita kafin roba ta taɓa kwalta. Zane mai zurfi yakan kwashe shi ya watsar gefe da baya. Idan ya cinye, ruwan ya rasa mafita, sai ya taru a ƙarƙashin tayar ya ɗaga ta, mota ta koma tafiya a kan ruwa kamar kwalekwale. A wannan hali birki ba ya ci, sitiyari ba ya jin magana. Shi ya sa suɗaɗɗiyar taya take yaudarar mutum: cikin Janairu, titi a bushe, za ka yi ta zirga-zirga ba ka ji komai ba. Sai ruwan farko ya sauka take nuna halinta.

Wanda ya taso a Kano ko Sakkwato ya saba da damina ta wata huɗu. A Legas ruwa yakan kankama tun Afrilu, ya yi ƙarfi a Yuni da Yuli, ya ɗan lafa a Agusta, ya dawo a Satumba da Oktoba. Fiye da rabin shekara ke nan kana tuƙi a kan jiƙaƙƙen titi, ga kwatoci da ke cika su tumbatso kan hanya.

Sabuwar tayar ƙaramar mota takan zo da zane mai zurfin kusan milimita 8. A Ingila da ƙasashen Tarayyar Turai doka ta tsayar da milimita 1.6 a matsayin iyaka, duk tayar da ta gaza haka ba ta da izinin hawa titi. Amma tun daga milimita 3 riƙon taya a cikin ruwa yake raguwa sosai. Ni dai ga mai tuƙi a Legas, 3 ɗin nan nake ɗauka iyaka.

Kayan aiki

Tsinken ashana biyu ko uku, biro mai tsinin baki, rula irin ta 'yan makaranta, tocila ko fitilar waya, ƙaramar sukudireba, takarda, da katunan banki huɗu, ko da waɗanda suka daina aiki ne. A Amurka da kwabo suke wannan gwaji, su kifa kan Abraham Lincoln cikin ramin zanen, a Ingila kuma da tsabar fens 20. Mu nan rabonmu da ganin kwandala a hannun mai shago an daɗe, don haka ashana da kati za su tsaya mana. Akwai ɗan gejin auna zurfi, bai fi biro tsawo ba, ana samunsa wajen masu sayar da kayan mota irin na Ladipo. In ka samu ka saya, ya fi sauƙi. In babu, aikin ba zai tsaya ba.

Fara da tsayar da motar yadda ya kamata

Ka zaɓi safiya, kafin motar ta fita, tayoyi a sanyaye. Tsayar da ita a wuri mai daidai, inda akwai haske. Tun injin yana kunne ka murɗe sitiyari zuwa dama har ya tsaya, sannan ka kashe, ka ja birkin hannu, ka sa giya, ka zare makulli ka sa a aljihu. Maganar makullin nan kada ka raina ta in akwai yara a gidan, domin hannunka zai shiga tsakanin taya da jikin mota.

Murɗe sitiyarin shi ne zai buɗe maka faɗin tayar gaba gaba ɗaya, har gefen nan na ciki da ya kusa halaka ni. In ka gama ɓangare ɗaya ka tayar da mota ka murɗe hagu. Tayoyin baya ba sa juyowa, sai dai ka shimfiɗa buhu ko kwali ka durƙusa ta bayan motar ka haska tocila. Ba ka buƙatar jak. In ma ka ɗaga motar, kada ka kuskura ka cusa kanka ko ƙirjinka ƙarƙashinta tana kan jak kaɗai.

Ɗauki sukudireba ka ciccire tsakuwa da taɓon da suka maƙale a ramukan. In ka ci karo da ƙusa ko sukuru a cake, bar shi a inda yake. Shi ya toshe ramin da ya huda, kana zare shi iska za ta bi. Yi wa wurin alama ka kai wa mai faci.

Nemo alamar da masu ƙera taya suka sa

Tun ran gini tun ran zane: kamfanin da ya yi tayar ya riga ya dasa maka ma'auni a jikinta. Duba kafaɗar tayar, wato inda zane ya haɗu da gefe, za ka ga ɗan ƙaramin kusurwa-uku kamar kan kibiya, ko haruffan TWI. A tayoyin Michelin ɗan mutum-mutumin nan nasu ne a wurin. Bi saitin alamar da yatsa zuwa cikin manyan ramukan da suka zagaye tayar. A ƙasan ramin za ka ji wani ɗan tudu na roba ya gitta, kamar ƙaramar gada. Tsayinsa milimita 1.6 ne, kuma akwai irinsa a wurare da dama a kewayen tayar.

Idan tudun yana can ƙasa, zanen ya fi shi tsayi sosai, da sauran rai. Idan ka shafa ka ji tudun ya yi daidai da saman tayar, har ya zama kamar layi ɗaya ya ratsa faɗinta, wannan taya ta gama aiki, ko da kuwa a wuri ɗaya ne kawai hakan ta faru. Sai dai wannan alama ƙarshen hanya take nuna maka. Ba za ta gaya maka kana kan 4 ko kana kan 3 ba, don haka sai an auna.

Awo da ashana

An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A kan zanen taya ido bai san kima ba, domin tsakanin tayar da za ta riƙe ka da wadda za ta sake ka bai wuce kaurin kati biyu ba.

Ɗauki tsinken ashana ta gindinsa, ɓangaren da ba shi da kai. Tsayar da shi cak cikin babban rami har ya taɓa ƙasa, ka tabbata ba a kan ɗan tudun nan ya sauka ba. Kwantar da rula a kan saman tayar ta gitta ramin, tana jingine da tsinken, sai ka ja layi da biro daidai inda ƙasan rular ya taɓa shi. Zaro tsinken ka auna daga gindi zuwa layin.

Layukan milimita ƙanana ne, ba kowane ido ke rarrabe su ba, a nan katunan suke amfani. Kaurin katin banki milimita 0.76 ne. Biyu a haɗe sun ba ka 1.5, wato dab da iyakar doka. Huɗu a haɗe sun ba ka 3. Haɗa su ka matse a kan tebur ko kan but, ka tsayar da tsinken a jikin bakinsu, can gefen da lambobi ba su yi tudu ba. In layinka ya haura kati huɗu, kana da sarari. In yana tsakanin biyu da huɗu, fara tanadin kuɗin taya, kuma ka rage gudu duk ranar da aka yi ruwa. In bai kai kati biyu ba, wannan taya kada ta sake hawa babban titi.

Awo ɗaya ba ya isa. A kowace taya ka auna ramin waje, na tsakiya, da na ciki. Sannan ka matsa kamar kashi ɗaya cikin uku na kewayenta ka sake, ka kuma sake. Ɓangaren da ke zaune a ƙasa ba za ka gan shi ba sai ka gusa da motar gaba kamar taku ɗaya. Lambar da ta fi ƙanƙanta ita ce lambar tayar. In waje ya ba ka 5, tsakiya 4, ciki 1, to tayarka 1 ce, babu batun raba tsakani.

Rubuta duka a takarda: gaba-dama, gaba-hagu, baya-dama, baya-hagu, kowacce da lambobinta uku, da kwanan wata, da abin da mitar tafiya ta nuna.

Karanta yadda ta cinye

Nan ne na fi so mutum ya nutsu, domin yadda taya ta cinye yana ba da labarin lafiyar ƙafafun motar. Wanda ya sayi sabuwa bai gyara abin da ya cinye tsohuwar ba, bayan 'yan watanni zai sake komawa kasuwa.

Idan tsakiya ya cinye, gefuna biyu suna nan da saura, iska ce ta yi yawa. Tayar ta kumbura ta koma tafiya a kan cibiyarta. Wannan ya zama ruwan dare a wajenmu, domin sau da yawa ka tsaya a bakin hanya a ƙara maka iska, kafin ka ankara an dura 45 ko 50 a ma'aunin iska na PSI a tayar ƙaramar mota, wai don ta daɗe ba ta sauka ba.

Idan kuma gefuna biyu ne suka cinye tsakiya na nan, iska ce ta yi kaɗan. Wannan ya fi haɗari, saboda taya mai ƙarancin iska tana lanƙwashewa a kowane juyi, tana ɗaukar zafi, kuma zafin nan ne ke fasa taya a doguwar tafiya, irin a ce ka miƙa hanyar Ibadan da rana tsaka, mota cike da mutane da kaya.

Gefe ɗaya kaɗai ya cinye, musamman na ciki? Saitin ƙafa ya goce, abin da makanikai ke kira alaimen. Nawa ke nan. Ramin titi guda ɗaya da ka faɗa da gudu ya isa ya gotar da shi, balle wanda kullum yake bin hanyoyin cikin unguwa bayan ruwa ya farfasa su. Wasu alamun da ke raka shi: mota tana jan gefe in ka sassauta riƙo, ko sitiyari ya karkace alhali kana tafiya a miƙe. Kafin a yi saitin ka sa a girgiza ƙafar a duba tayirod da boljoyin da bushin, wato ƙarafa da robobin da ke haɗa ƙafar da sitiyari da jikin mota. In ɗayansu ya saki, saitin ba zai zauna ba, ka biya kuɗin banza.

Yanzu sai hannu. Shimfiɗa tafinka ka shafa faɗin tayar daga waje zuwa ciki, ka dawo daga ciki zuwa waje, a hankali, don kada waya ta yanke ka. In ta wani ɓangaren santsi ka ji, ta ɗayan kuma kaifi kamar haƙoran zarto, shi ma saiti ne, tayoyin ba sa kallon gaba sosai, ana jan su a karkace. Sannan ka shafa ta tsawonta. In ka ji tudu da kwari, tudu da kwari, kamar an yi ta kwasa da cokali, shokazoba ta mutu ko balansin ya ɓaci, tayar tana tsalle a kan titi maimakon ta kwanta. Irin wannan taya takan yi gurnani, har mutum ya zaci boris ne ya lalace. In kuwa wuri ɗaya ne ya shafe fal, sauran lafiya, an taɓa taka birki da ƙarfi har tayar ta ja ƙasa.

A motoci irin Corolla da Camry da Golf, tayoyin gaba ne ke ja, su ke juyawa, su ke ɗaukar nauyin inji da mafi yawan birki. In ka ga sun riga na baya cinyewa, haka abin yake. Abin da zai dame ka shi ne dama da hagu su bambanta sosai.

Gefen tayar

Haska tocila a gefen tayar, waje da ciki, ka bi shi a zagaye. Abu na farko da kake nema ƙulu ne, kumburi kamar ƙwai. Yana fitowa ne in taya ta daki bakin rami ko dakalin titi har zaren da ke cikinta ya tsinke, iska ta turo roba waje. Ba ya gyaruwa. Kowa ya ce zai yi maka facinsa ko ya sa maka tif a ciki, ka ce masa ka gode. Taya mai ƙulu ko da jiya aka saye ta, cire ta ake yi.

Na biyu tsagewa: ƙananan layuka kamar faso, a gefe ko a ƙasan ramukan zane. Rana da tsufa ne suka busar da robar. Motar da ke yini a rana, ko wadda aka ajiye wata da watanni ba a tayarwa, ita ta fi yinsa. In tsagar ta yi zurfin da farce zai shiga, ko kana hango zare, ta tashi daga aiki. Faci kuma muhallinsa tsakiyar zane ne, ga hudar da ba ta wuce milimita 6 ba. Facin da aka yi a kafaɗa ko a gefe, kada ka ɗora iyalinka a kansa.

Shekarunta

Taya na iya zama da zane kamar sabuwa alhali ta tsufa. Nemo inda aka rubuta DOT a gefenta, ka bi haruffa da lambobin da ke biye har ƙarshe. Lambobi huɗun ƙarshe, galibi cikin ɗan zagaye mai kama da ƙwai, su ne ranar haihuwarta: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 1822, an yi ta a mako na 18 na shekarar 2022, wato farkon Mayu. Sau da yawa a gefe ɗaya kawai ake buga su, in ba ka gani a waje ba leƙa ciki. In lambobi uku ka tarar, an yi ta kafin shekarar 2000.

Jami'an hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, sukan ja kunnen direbobi a kan shekara huɗu daga ranar da aka ƙera taya. Kamfanin Michelin kuma shawararsa ita ce in taya ta shekara biyar ana aiki da ita a riƙa kai ta ga masani duk shekara, in ta kai goma a cire ta ko yaya take. Da zafin ƙasarmu da halin titunanmu, ni ɓangaren taka-tsantsan nake bi. Ko sabuwa za ka saya a leda ka karanta lambar. Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ta daina ƙera taya a Ikeja a 2008, tun daga nan kusan duk tayar da muke hawa daga waje take zuwa, kuma tana iya daɗewa a sito kafin ta iso hannunka.

In gwanjo za ka saya

Tayoyin da suka zame da ni gwanjo ne, abin da ake kira tokunbo a nan. Shigo da tsofaffin tayoyin ƙananan motoci yana cikin jerin kayan da kwastan ta haramta, amma kowa ya san kasuwa cike take da su, kuma na san ba don son rai mutane ke saya ba, tsadar sabuwa ce. Shawarata ta gaskiya, sabuwa mai sauƙin kuɗi ta fi tsohuwa mai babban suna. In dai babu yadda za ka yi, tafi da ashanarka da katunanka, ka yi duk abin da na faɗa tun tayar tana ƙasa, ka juya ta ka leƙa cikinta ka ƙirga facin da ke ciki.

Abu biyu za ka ƙara. Akwai masu ɗaukar suɗaɗɗiyar taya su sake sassaƙa mata zane da wuƙa mai zafi, su shafe ta da baƙin mai ta yi ƙyalli. Gane ta ba wuya: nemi ɗan tudun nan na cikin rami. In babu shi, an yanke shi wajen sassaƙa. Bakin ramukan kuma za ka gan su da kaushi, layin ba ya miƙewa sosai. Tayoyin manyan motoci ne kawai, waɗanda aka rubuta wa REGROOVABLE, aka yi su da kaurin da zai ɗauki sabon yanka. Na biyu, in ka ga hoton dutse mai kai uku da ƙanƙara a cikinsa, galibi tayar ƙasashen sanyi ce. Robarta taushi ne da ita, a kwaltar Legas da sauri take cinyewa. Duba kuma inda aka rubuta TEMPERATURE, in akwai: A ta fi jure zafi, sai B, sai C. Lambar shekara in ta yi kama da an kankare ta ko an goge, ajiye tayar ka wuce. Araha ba ta ado.

Iska, da tayar da ke cikin but

Buɗe ƙofar direba ka duba jikin ginshiƙin, akwai 'yar takarda a manne da ke nuna iskar da motarka ke buƙata gaba da baya. A wasu motocin tana cikin murfin tankin mai. Ga yawancin ƙananan motoci tsakanin 30 da 35 ne. Lambar da ke jikin tayar kanta, kusa da MAX PRESS, iyakar abin da za ta iya ɗauka ne, ba ita ake bi ba. Sayi gejin iska naka na kanka, ka auna da safe tayoyi a sanyaye, domin tafiya tana ɗaga lambar. In ka je wajen mai faci, kai za ka faɗa masa lambar, ka tsaya a kansa har ya gama, ka sake aunawa da naka. Lafiyayyar taya ma takan rage iska kaɗan-kaɗan a wata, amma in guda ɗaya ce kullum take sauka fiye da 'yan'uwanta, akwai ƙusa, ko bawul yana yoyo, ko wili ya lanƙwashe.

Ciro safaya ita ma ka yi mata duk wannan binciken. In 'yar siririyar nan ce, galibi iska 60 take so, kuma ba a wuce gudun kilomita 80 a awa da ita. An rubuta a jikinta.

Bayan ka gama

In biyu kawai za ka iya saya, ka sa sababbin a baya, ka dawo da masu dama-dama gaba. Na san yawancinmu akasin haka muke yi, ni ma da haka na taso. Dalilin masu ƙera taya shi ne, in gaba ya zame a ruwa direba yana ji a hannunsa, ya sassauta totur mota ta dawo. In baya ne ya zame, motar juyawa take yi gaba ɗaya, kuma ba kowane direba ke iya tare ta ba. Amma fa sai na gaban suna da sauran zane na ƙwarai, ba suɗaɗɗu ba. Tayoyi biyun da ke layi ɗaya su zama iri ɗaya, girma ɗaya, daidai da lambar da ke takardar ƙofa, misali 195/65 R15.

Duk kilomita 8,000 zuwa 10,000 a sauya musu wuri don su cinye tare. In akwai kibiya da kalmar ROTATION a gefen tayar, hanya ɗaya take juyawa, gaba da baya kawai za ta yi a ɓangarenta, ba ta tsallakawa ɗaya gefen. Duk lokacin da aka kwance taya aka mayar, bayan tafiyar kamar kilomita hamsin ka sa sifana ka sake bin notocin.

Binciken nan sau ɗaya a wata ya wadatar, sai kuma ranar da ka faɗa mugun rami, da jajibirin tafiya gida, irin ta Sallah da za ka ɗauki hanya daga Legas har Arewa. Takardar awon ka ajiye ta a aljihun mota tare da ashana da biro, domin amfaninta yana fitowa ne in ka jera wata uku ko huɗu ka kwatanta. Tawa ta nuna mini gefen ciki na gaba-dama ya sauka daga 6 zuwa 5 cikin wata biyu, sauran ba su motsa ba. Na nuna wa Baba, ya girgiza ƙafar ya ce tayirod ne ya fara saki. Ranar Asabar aka canja shi aka sake saiti, na buɗe sabon layi a takardar na rubuta kwanan wata.